Shuɗiyar Mota Mai Farar Ƙofa

Shekarar da ciwon gwiwa ya matsa wa Inna, likita a Sakkwato ya ce sai ta riƙa zuwa duk wata. Daga Illela zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce ga mai lafiya, amma ga tsohuwar da ƙafarta ba ta lanƙwasuwa, azaba ce. A tasha mutum biyu ake cusawa a gaba, huɗu a baya, ga buhunan albasa a but har ya ƙi rufuwa. Akwai ranar da na biya mata kuɗin kujera biyu. Direba ya karɓa da fara'a, muna wuce Amarawa ya tsaya ya ɗora wani ƙato a kujerar da na biya. Da muka dawo gida sai ɗaukarta muka yi cak zuwa ɗaki. Ta ce ita da asibiti kuma har abada, ta gwammace ciwon.

Shi ne na yanke shawarar sayen mota, in dai abin da nake yi za a kira shi yanke shawara. Ni malamin sakandare ne, albashin kowa ya san shi. Na sayar da babur ɗina, na kwashi adashe, na haɗa da ɗan abin da nake ɓoyo tun bautar ƙasa. A da wannan zai iya sayen mota ɗaya daga cikin waɗanda ake kawowa daga Kwatano ta Ƙonni. Amma lokacin kuɗin sefa sun yi sama, duk motar da na tambaya sai a faɗi kuɗin da zai sa in gode in yi gaba.

Kuma ina jin ba kuɗin kaɗai ba ne matsalar, har da halina. Na kalli bidiyo a waya ba adadi kan yadda ake gane mota mai lafiya. Na koyi murza baƙin mai a yatsa, da shinshina hayaƙin salansa, da leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo. Duk motar da aka nuna mini sai na samo mata wani abu, in ban samo ba kuma sai hankalina ya ƙara tashi, don ina ganin an ɓoye ne. Dillalan bakin tasha har suna suka sa mini, wai Malam Zan Dawo.

Wata rana Kawu, ƙanin Inna, wanda ke fataucin albasa, ya same ni a zaure da waya a hannu.

"Kai, ɗan ga," in ji shi, "kahin ka ƙare bincike, gwiwar uwarka ta ƙare aiki. Tashi mu tai. Akwai wani Alhaji mai sayar da tashi motar."

Motar tana ƙofar gidan Alhajin, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Shuɗiya ce mai dogon baya, tsohuwa ba laifi, sai dai ƙofar gaba ta gefen fasinja fara ce fat, da alama an taɓa sauya ta. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, dattijo mai yawan murmushi. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwan sanyi, wani dillali ya zauna a gefe yana jan carbi. Ni kuwa na naɗe hannun riga na shiga aiki. Na buɗe gaba, na murza mai, na danna birki, na kwanta a ƙasa na leƙa. Aka tayar da ita, injin ya yi ta kaɗawa a hankali ba tari ba rawa. Takardu ma cif. Ban ga komai ba, wanda a wurina ba alama ce mai kyau ba.

Alhaji ya faɗi kuɗinsa. Ya fi abin da ke hannuna nesa ba kusa ba. Gaskiya har wani sanyi na ji a raina, don ga hanyar tafiya gida ba tare da na saya ba. Na fara laluben takalmi, sai Kawu ya mintsine ni.

"Ba a tashi hakanan," ya ce a kunnena. "Ka sha ruwan mutum, ka kwanta ƙarƙashin motatai, ka tashi ba tayi? Taya ko don mutunci. Shi ce albarka, mu tahi."

Haka ciniki yake a wurinmu. Mai saye ya taya, in bai yi wa mai kaya ba ya ce albarka, a rabu lafiya. Don haka na zaɓi kuɗin da na tabbata babu mai hankalin da zai karɓa, ƙasa ma da abin da nake da shi.

"To, Alhaji," na ce, "ba wai na yanke ba ne, kuma ban raina ta ba. Amma da a ce ni ne zan saya, wataƙila abin da zan iya bai wuce kaza ba."

Dillali ya daina jan carbi. Alhaji ya dube ni.

"Malam, mi za ka yi da ita?"

"Tsohuwata zan riƙa kaiwa asibiti."

"Tsohuwa," in ji shi, kamar mai ɗanɗana kalmar. Sai ya miƙo hannu. "Na sallama."

Kafin in buɗe baki dillali ya cafke hannuna ya haɗa da na Alhaji. Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya, kowa ya shafa. A hanyar gida na ce wa Kawu ai ni cewa na yi da a ce. Ya ce a gaban shaidu ka taya, an sallama maka, in ka janye ba kai kaɗai za a yi wa dariya ba, har shi, kuma shi yana da sauran ciniki a garin nan.

Washegari na biya, na kawo mota gida. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, ni kuwa abinci ya ƙi ciyuwa. Tambaya ɗaya ce ke cina. Ɗan kasuwa irin Alhaji, wanda ba a taɓa jin an cuce shi ko a mudu ɗaya ba, me zai sa ya saki mota a wannan kuɗi? Lallai akwai abin da ya sani. Kusan duk abin da na mallaka yana cikin ƙarfen nan. In ta mutu a hanya da Inna a ciki, ba ni da mota, ba ni da babur, kuma na san ba za ta sake yarda ta fita ba.

Na kai ta gareji. Bakaniken na hango farar ƙofar ya fara dariya.

"A'a, Malam, kai ka saye ta?"

"Ni ne. Don Allah ka duba mini da kyau. Kada ka ji nauyina, in akwai wani abu ka faɗa."

"Ni ka gyaranta tun tana sabuwa. Ba ta taɓa gudu ba, ba ta taɓa rasa mai ba. Lahiyatta lau."

"To me ya sa aka sallama mini da arha?"

Ya goge hannu a tsumma, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Ka bi hanyar Kalmalo da ita?"

"A'a. Akwai abin da take yi a can?"

"Bi dai, ran Lahadi da sahe."

Lahadi ce kasuwar Illela, Litinin kuma ranar ganin likitan Inna. Na ce gara in ma kakkarwa za ta yi a hanya mai gargada, ta yi ina ni kaɗai. Na sa jarkar ruwa da igiyar ja a baya, na kama hanya a hankali, kunnena na kan injin. Har na kai bakin tafkin Kalmalo ban ji komai ba. Na juyo.

A fitar garin, gindin wata tsamiya, tsofaffi mata uku suna zaune da kaya. Suna hango ni suka miƙe. Ba su ɗaga hannu ba, ba irin tsayar da motar haya ba ne. Ɗaya ma, doguwa mai kwandon busasshen kifi, tsakiyar hanya ta shigo tana gyara mayafi. Na taka birki.

Ta leƙo ta taga. "Ina Alhaji?"

"Ai ya sayar mini da ita, Iya."

"Ya sayar? To, Allah shi sa albarka. Buɗe muna baya."

Na so in yi bayani cewa ba haya nake yi ba, gwaji na fito. Ina cikin tsara maganar, ta biyu, Bafillatana mai ƙwaryar nono, ta riga ta zauna ta ɗora ƙwaryar a cinya. Ta uku ta shigo da kaji biyu ɗaure a ƙafa. Mai kifi ta buɗe farar ƙofa ta zauna a gaba kamar ɗakinta.

"Mako uku muna jiran motag ga," in ji ta. "Mun ce ko Alhaji ba shi da lahiya. Yaro, rage gudu, nono ka zuba."

Ban ma kai gudun keke ba. Haka muka shigo Illela, suna hira a kaina kamar ba na nan. Bafillatanar ta ce sabon direban ya cika riƙe sitiyari kamar za a ƙwace masa. Mai kaji ta ce a bar shi, da ganinsa ɗan boko ne, su komai da tsoro suke yinsa. A bakin kasuwa suka sauka. Ba wanda ya yi zancen kuɗi, amma na tarar da kifi a ƙunshe a kan kujera.

"Bayan la'asar muka komawa," mai kifi ta ce. "Nan za ka iske mu."

Kai tsaye gidan Alhaji na nufa. Na same shi yana fitowa daga wata baƙar mota sabuwa mai duhun gilashi. Bai bari na gama gaisuwa ba ya shinshina iska ya fashe da dariya.

"Sun same ka ke nan."

Ashe mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, 'yar Kalmalo ce. Duk Lahadi yakan je ya ɗauko ta kasuwa, ƙawayenta su biyo. Ta rasu, ƙawayen ba su fasa jira ba, shi kuma ya kasa wuce su. Shekaru ana haka, ranar da ciniki ya fi ci yana hanya da kaji. Har yau ban tabbata ba ko tausayin Inna ne ya sa ya sallama mini, ko kuwa ya ga wanda ba zai iya cewa a'a ba. Na fi zaton duka biyun ne. Na tambaye shi ko dai akwai wani aibi a injin da ban gano ba. Ya ce motar da ta yi rayuwarta tana ɗaukar ƙwaryar nono, ina za ta samu aibi?

Da na ba Inna labari ta yi dariya har tana riƙe gwiwa. Rabon da in ji wannan dariya tun kafin ciwon. Bayan la'asar ta ce a taimaka mata ta shiga, tana so ta ga matan da suka fi ƙarfin ɗanta. Mai kifi ta zo ta buɗe farar ƙofa ta tarar da mutum a ciki. Suka dubi juna.

"Ke wa?"

"Uwar mai mota."

"To, madalla." Ta koma baya ba musu. Kafin mu kai tsamiya sun gano cewa sun taɓa haɗuwa a wani suna, shekaru da dama da suka wuce, kuma dukansu ba su ji daɗin abincin ba.

Ran Litinin muka kama hanyar Sakkwato. Na tura kujerar gaba baya, Inna ta miƙe ƙafa son ranta. Ina ta sauraren injin duk tsawon hanya, don hali ba ya barin mutum, amma abin da na ji kawai shi ne hira, saboda Bafillatanar na zaune a baya. Ashe jiya Inna ta ji tana kuka da ciwon ido, ta ce mata ai akwai wuri.

A asibiti Inna ta dafa farar ƙofa ta sauka da ƙafarta. Da muka fito daga wurin likita ta miƙo mini katin, ta ce in duba mata ranar dawowa da kyau, kada ta faɗo a Lahadi.