Inuwa Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da shida Mai Kujeru yana zuwa tsakiyar gari shi kaɗai, alhali idonsa bai taɓa ganin hanyar ba. Ƙyanda ce ta tafi da idanun tun yana ɗan shekara huɗu. Sana'arsa saƙar kujera da igiyar roba. Ka kawo masa tsohon ƙarfe da safe, kafin la'asar ya mayar maka da shi amarya. 'Yarsa ta sha roƙonsa ya bari ta raka shi, sai ya ce, "Ke da kike ɓacewa a kasuwa da idonki biyu, ke za ki kai ni?"

Sirrinsa inuwa ce. Daga inda motar haya ke ajiye shi zuwa rumfarsa, bishiyar darbejiya goma sha ɗaya ce a jere. Sanyi ya sauka a ƙeyarsa, ya ce ɗaya. Rana ta dake shi taku tara, sanyi ya dawo, ya ce biyu. A ta bakwai akwai saiwar da ta fasa daɓe, nan yake ɗaga ƙafa. Bayan ta ƙarshe sai kukan balbelu a bakin kududdufi, ya karya dama, ga rumfa. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa, da sanda yake gaisawa da bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan sai aka zo da tsarin sabunta tsakiyar gari, aka kafa zanen a wani makeken allo. Mai walda, maƙwabcin rumfarsa, ya bayyana masa abin da ke jiki: fili fetal, daɓe mai sheƙi, fitilu, da wurin ajiye motoci a inda kududdufi yake.

"Bishiyoyin fa?"

"Akwai su a hoton, Baba. Ƙanana ne, a cikin tukwane."

Mai Kujeru ya ce a ransa, wallahi wanda ya zana abin nan bai taɓa taka ƙasa da tsakar rana ba.

Wata takwas wurin yana zagaye da kwano, Mai Kujeru yana saƙa a gida. Damina ta zo, ruwan da kududdufi ya saba shanyewa ya rasa masauki, ya biyo kwata ya shigo unguwarsu har gwiwa. Wannan bai ci masa rai kamar zaman gida ba. Da aka gama, aka ba shi shago a sabon gini, mai lamba arba'in da biyu. Lamba kuwa sai mai ido.

Ranar komawa aiki 'yarsa ta riga shi sa takalmi.

"Baba, yau kaɗai."

"Zauna abinki. Ƙasar dai ba su naɗe sun tafi da ita ba."

Ya sauka daga mota, ya jira sanyi a ƙeya, shiru. Taku tara, taku ashirin, taku hamsin. Rana daga sama, zafin daɓe daga ƙasa. Ya buga sanda dama da hagu, ba saiwa, ba kututture, ko'ina sumul. Ya kasa kunne ko zai ji balbela ɗaya, sai ƙarar janareta da ke dawowa daga gilasan gine-gine ta kowace fuska. Ya juya zai koma bakin titi, sai ya gane bai san ina ne baya ba.

Ya daɗe a tsaye, zufa na bin gemunsa. Tsoro ne ya fara kama shi, sannan baƙin ciki ya zo ya danne tsoron. Garin da ya haddace da fatar jikinsa an goge shi tas, ba wanda ya tambaye shi.

Da ya ji takun wani na zuwa, sai ya haɗiye girman kansa, ya miƙa hannu don a kama a kai shi shagonsa.

"Bawan Allah, don Allah ka..."

Takun bai tsaya ba. Aka dai cusa masa takardar kuɗi a tafin hannu, murya ta ce, "Ga sadaka, Baba, a sa mu a addu'a."

Ya buɗe baki zai ce shi mai sana'a ne, amma mutumin ya riga ya yi nisa.