Hoton Batul a Allon Talla

Bamanga mai hoto ya shekara talatin a wani ɗan shago a Bolari. Hoton da ya fi so shi ne wanda ya ɗauki matarsa Batul tana dariya da ƙwaryar nono a ka, shekara guda kafin rasuwarta. Ambaliyar da ta shiga shagon ta lalata shi tare da sauran ajiyarsa.

Wata rana yana hanyar Kasuwar Gombe, sai ya ga fuskarta a wani ƙaton allon tallar madara. Ashe wani ne ya taɓa kwafar hoton ya sayar wa kamfanin ba da izininsa ba.

'Yarsa Jannat ta kai shi wajen lauya. Lauyan ya ce, "Baba, a doka hoton mallakarka ne, tunda kai ka ɗauka. Za mu iya sa su sauke shi."

Bamanga ya ce, "In sun sauke, ina zan ƙara ganinta?"

Kwafi ɗaya kawai ya roƙa a ba shi. Kamfanin bai amsa wasiƙar ba. Bayan wata huɗu aka liƙa wata tallar a wurin.