Sunan da Uwarta Ke Kiran Ta da Shi

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin nan na haɗa manhajar waya da ke unguwar Akwa a Duwala ya san Odile. Ita ce mai gwada manhaja kafin a sake ta ga jama'a, kuma kuskure ko ramin kurege ya shiga sai ta zaƙulo shi. Faransanci a bakinta kuwa, ka rantse a Yawunde aka yanke mata cibiya.

To, ba can ba ne. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Bamenda, yankin masu Ingilishi, kuma Lum iyayenta suka raɗa mata. Shekarar da rikici ya ci ƙauyensu suka gudo, uwarta ta cika a daji, ita kaɗai ta iso Duwala. Ta ɓoye sunan, ta ɓoye harshen. Ko achu, tuwon gwazan garinsu, ba ta ci sai ta kulle ƙofa.

Wanda ta fi tsoro shi ne wanda ta fi ƙauna a wurin, Essomba, mai tebur a jikin nata. Ƙaninsa soja ne, a hanyar Bamenda aka kashe shi. Tun da Odile ta wuni tana wanke kwanuka a gidan makokin yake ce mata ƙanwata, kuma kullum da rana sai ya sayo fanke da wake kwano biyu. Yana ci yana cewa, "Ƙanwata, ranar da na haɗa ido da ɗan yankin can, sai dai a riƙe ni." Ita kuwa ta yi ta haɗiyar wake kamar tsakuwa.

Ana nan sai Madam Ndoumbe, mai kula da ma'aikata, baiwar Allah mai kyakkyawar niyya, ta zo da sabon tsari. Ta ce ranar Litinin, a taron safe da ake yi a tsaitsaye, kowa zai faɗi sunan da yake so, da ko "shi" ko "ita" za a riƙa ce masa, da harshen da ya tashi da shi. Kada a ƙara kiran kowa da abin da ba nasa ba. Aka yi ta yabawa. Odile kuwa, Asabar da Lahadi ta yi su tana bitar ƙarya: Odile, ita, Faransanci. Abu uku kacal, ai ba wuya.

Litinin aka yi da'ira. Wani ya ce a kira shi Shugaban Ƙasa, aka ce masa, "Kai tafi can, biya bashin mai fanke tukuna!" Aka bushe da dariya. Layi yana matsowa, har aka zo kan Odile.

"Odile," ta ce, da murya kamar ta aro.

Madam ta yi murmushi. "Wannan mun san shi, 'yata. Na gida fa? Wanda mamanki ke kiran ki da shi in abinci ya nuna."

Wayyo! Da wata tambaya ce da ta tsallake. Amma ta ya mutum zai yi wa uwar da ya binne a daji ƙarya? Idonta a ƙasa, ta ce, "Lum. Daga Bamenda nake. Da Ingilishi na tashi."

Aka tafa mata, Madam har da runguma. Odile ba ta ji tafin ba, numfashin Essomba kawai take saurare a gefenta. Ta jira tsawa, ta jira mari. Ko ɗaya bai zo ba.

Da rana ta yi, Essomba ya fita kamar kullum. Tana ta kallon ƙofa har ya dawo. Ya tsaya a gaban teburinta, ya ɗan rusuna cikin ladabi.

"Barka da rana, Madam Lum. Na faɗe shi daidai?"

Ta gyaɗa kai. Ya wuce ya zauna, ya buɗe kwanonsa. Guda ɗaya ya sayo.