Fetur Ya Ƙi Hawa

Ina jiran mai walda ya gama mini ƙofa, idona yana kan garejin wani gida a tsallaken titi. Wata mata ce cikin fararen kayan ma'aikatan jinya, rabin jikinta a bonet ɗin tsohuwar motar da tayoyinta suka lotsa don zama. Ta cire tiyon mai, ta zuƙa, ta tofar tana yamutsa fuska. Abin da ya fito ja ne kamar shayi.

"Baba, man nan ya lalace! Tsatsa ta toshe filta, ba abin da ke isa kafireta."

Dattijon da ke riƙe da sitiyari ko gezau.

"Jiya na tuƙa ta lafiya ƙalau. Ni ba zan je asibiti a motar haya ba."

Jiyan nan tasa, ina jin ta kai shekara bakwai. Matar ta dubi agogo, ta ja wa injin dogon tsaki. Ta cire filtar, ta hure, ta mayar.

"To, Baba. A sake murzawa mu ji."