Sambo da Rawar Jikin Hantsi

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da aka fara kawo mini Sambo ba. Shekaru kaɗan ne kafin Turawa su tafi, ina aikin dispensa a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, an ɗora mini kula da wata makarantar kwana ta maza a ƙasar Haɗeja. Ku matasan ma'aikatan lafiya da kuka tarar da aiki a shimfiɗe, bari in gaya muku ko wane ne dispensa a lokacin. Mutum ɗaya ne da kabad ɗaya, shi ne wankin gyambo, shi ne rabon kwinin, shi ne rubuta rahoto. Likita Bature sau ɗaya yake leƙo mu a wata, shi ma sai da rani. In damina ta yi nisa, kogi ya malale fadama, daga mu sai Allah.

Sambo ɗan Fulani ne daga wata ruga ta wajen Baturiya, shekararsa kamar goma sha huɗu. Dagaci ne ya ba da shi makaranta, uban bai so ba. Amma yaron ya riƙe karatu hannu bibbiyu, ba mai kama ƙafarsa a lissafi. Ya yi elementare yana kwana gidan gwaggonsa, a shekarar ne aka kawo shi makarantar kwana, kuma kowa ya sa rai zai ci jarrabawar shiga sakandare.

Da hantsi aka shigo da shi, jiki na ɓari, gumi ya jiƙe riga, zuciya na dukan uku-uku. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mutuwa zan yi." Na auna, ba zazzaɓi. Na tambayi darasin da ake yi, aka ce na wani malami ne mai saurin hannu da bulala. Nan take na yanke hukunci, tsoro ne. Na ɗura masa ruwan magani mai sa barci, na ce ya zama namiji.

Washegari ya dawo, jibi ma haka, kullum a lokaci guda. Yara suka ce iskokin fadama ne suka biyo shi. Liman ya yi masa rubutu ya sha. Abin da ya fi ba ni tausayi yanzu in na tuna, yaron ya koma tsoron tsoron kansa. Tun da safe zai zauna yana kallon inuwar taga, yana jiran hantsi ya yi.

Mako bakwai muna haka. Ni kuwa na gaji, gaskiya ita ce. Lokacin gudawa ne, layi har bakin ƙofa, ga sauro ya hana kowa sakat. Da hedimasta ya kira ni ya ce yaron nan ba zai iya ba, ban yi musu ba. Ƙa'idar ita ce hedimasta ya rubuta takardar sallama, dispensa ya sa hannu cewa rashin lafiya ne, a aika ofishin ilmi a Kano su tabbatar. Na sa hannu a tsaye, ko zama ban yi ba.

Bayan kwana biyar sai ga Iya Fanna, tsohuwar da ke shugabantar masu dafa abinci, ta zo in duba mata ƙuna a hannu. Ina ɗaure mata, ta ce, "Ɗan nan, wai maganin da kake ta ɗura wa ɗan Fulanin nan, a kan me yake sauka?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce ai ita ke kallon kwanuka. Na Sambo, yaran da ke kusa da shi ne ke rabawa. Miyarmu kullum da bandar kifi ake yinta, don shi ne a wadace a bakin kogi, mutanen rugarsu kuwa ba sa cin kifi. Ga kuma kunyar cin abinci a gaban jama'a. Abin da ke shiga cikinsa sai kokon asuba mai sukari, wanda yake kurɓa a ɓoye bayan madafa, da ɗan rake in ya samu.

Na kira Sambo na ce me ya hana ka faɗa mini. Ya sunkuyar da kai.

"Mu ba ma cewa muna jin yunwa, Malam."

Kunya ta rufe ni, don an koya mana wannan a wurin horo. Zaƙi a cikin da ba komai yakan ɗaga sukarin jini, sannan ya sake shi ya faɗi ƙasa, jiki ya ɗauki rawa, zuciya ta firgita. Yaro mai tasowa da ke nesa da gida ba zai iya rabe wannan da tsoro ba. Ni da ya kamata in rabe masa, ban tambaya ba.

Na shirya da wata mai tallan nono tana kawo fura kafin hantsi. In ya shigo ɗakin magani sai in ajiye masa da gyaɗa, in fita, in ja ƙofa. Iya Fanna kuma ta riƙa ɗebar masa miya kafin a zuba kifi. Cikin kwana goma rawar jiki ta ɗauke. Fargabar ta ɗan jima, amma ita ma ta yi ta ja da baya, har na ji dariyarsa a filin ƙwallo.

Na rubuta takarda ta biyu ina janye ta farko. Sai dai ruwa ya riga ya cinye hanya, takardar ta yi kwanaki tana jiran kwalekwale. Da amsa ta zo, layi biyu ce. An soke sunansa, an ba wani gurbinsa, an rufe sunayen masu jarrabawa. Hedimasta ya ce bakin alƙalami ya bushe.

Uban ya zo ɗaukarsa yana murna, har da ƙwaryar man shanu ya kawo mini, wai na taimaka an sako masa ɗa. Sambo ya tsaya da akwatinsa a ka, ya dube ni.

"Malam, ai na warke."

Na ce na sani.

Na yi shekara talatin a wannan aiki bayan nan. Abin da na koya shi ne mutanenmu za su gaya maka inda ke ciwo, amma ba za su gaya maka abin da suke jin kunyarsa ba, sai ka nema. Kuma gajiya ba ta hana sa hannu, tambaya take hanawa. Don haka in an kawo muku yaro yana rawar jiki, kafin ku buɗe kabad, kafin ku taɓa alƙalami, ku rage murya ku tambaye shi abin da ya ci yau. Ni tambayar nan kwana biyar na makara da ita, Sambo kuwa bai ƙara shiga aji ba.