Ruta da Rauta

A Lyon na koyi aikin haɗa rezo, wato jona na'urorin ofis da intanet, kuma da Faransanci na koye shi. Ingilishina kuwa tun na makarantar Maraɗi ne, irin na Ingila, daga bakin wani malami ɗan Nijeriya. Ina ji da shi sosai, har ranar da wani kamfani na Paris ya kira ni a waya kan aikin da na nema.

Ba'amurke ne a layin. Hira tana tafiya lafiya, sai ya tambaye ni abin da zan fara dubawa idan "rauta" ta daina aiki. Na ce ban taɓa aiki da ita ba. Sai da na ajiye wayar, ina tsaye a kicin ɗinmu na Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon, na gane cewa akwatin nan mai rarraba intanet yake nufi, wanda kullum hannuna ke kansa. Ni "ruta" na san shi. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Duk da haka suka ce in zo Paris a gana ido da ido. Na sauka a Stains, a bayan garin Paris, wajen gwaggona, wadda ta daɗe a Kano kafin ta zama tafinta a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Da na ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba ɗan nan! Ku kuna cewa tahi, Kanawa suna cewa tafi, wa ya taɓa ɓata hanya? Kunnenka kawai za mu wanke."

Tana yanka albasa tana jefo mini kalmomi. Sabuwar manhajar da ake gwadawa, mutumin Ingila ya ce "bita", Ba'amurke ya ce "beita". Harafin ƙarshe na Ingilishi, wannan ya ce "zed", wancan ya ce "zi". In na yi kuskure sai ta buga cokali a tukunya.

A ɗakin ganawa na tarar da Ba'amurken nan da wata injiniya 'yar Ingila. Ita ta yi tambaya da "ruta", na amsa da "ruta". Shi ya ɗora da "rauta", na juya na ba shi "rauta". Matar ta ajiye biro ta dube ni.

"Wai kai ɓangaren wa kake?"

"Ɓangaren wanda intanet ɗinsa ya yanke, madam."

Suka fashe da dariya. Aka kawo na'urar da aka lalata da gangan, na gyara ta suna kallo.

Ina cikin jirgin ƙasa na komawa Lyon suka kira, suka ce aiki nawa ne. Ban san lokacin da na miƙe na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba. Wata tsohuwa Bafaransa da ke kusa da ni ta tambaya ko haihuwa aka yi mini. Na ce aiki na samu. Ta buɗe jaka ta miƙo mini rabin lemonta.