Tambayar da Ban Yi wa Hajo Ba

Har gobe ina tuna Talatar da na gane ban iya tambaya ba, alhali na shekara goma ina majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a wani ƙaramin asibiti na yankin Korgom.

Ramatu 'yar shekara tara ce. Kusan kowane wata, wata mata mai suna Hajo takan kawo ta a amalanke, jiki kamar garwashi, ciki da gwiwoyi na ciwo. Mu gwada jini, babu palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Bayan kwana uku ta miƙe garau. Nakan tambaya yadda aka koya mana: "Akwai mai irin wannan a gidanku?" Hajo ta ce babu, ni ma in rubuta babu.

Ran nan Hajo ta shigo da hawaye, wata mata na biye da ita.

"Majo, amshe mini ita za su yi. Wai ban iya riƙo ba."

Ashe Hajo goggo ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, tun yaye ƙanenta ya ba ta Ramatu. Matar nan ita ce mahaifiyar, ta zo daga Issawane. Mai riƙo kuwa ba ta cewa ba ita ta haifa ba, ni kuma ban taɓa bincika ba. Kunya ta rufe ni.

Na maimaita wa mahaifiyar tambayar. Ta ce:

"Yayana haka ya tashi. Duk wata sai ya kwanta kwana ukku. Wallahi ban taɓa haɗa su ba."

Nan take na rubuta takardar tura Ramatu zuwa Maradi. Wani likitan yara ya aika jininta waje, bayan wata biyu ya kira ni: zazzaɓin gado ne, wanda ba kasafai ake gani ba. Ƙwaya kullum za ta tsare shi.

Na tara su na bayyana. Mahaifiyar ta kama hannun Hajo.

"Yaya, ashe daga wajenmu ne. Riƙe ɗiyarki."

Hajo ta rangaɗa guɗa har mai gadi ya rugo, a zatonsa haihuwa aka yi. Ni kaina sai da na share ido don murna.

Ku da kuka fara aiki, a ƙasar nan yaro kan yi uwa biyu. Ku nemi wadda ta haifa don tarihin jini, amma ku yi tambayar a hankali, don ɗayar ma uwa ce.